Na gama antibayotik na ciwon haƙori, amma cikina ya ƙi komawa daidai

Maman Yara Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka mini. Mataunina na ƙasa ta hagu ya yi kogo, dasashin ya kumbura har ya tara mugunya. Aka rubuta mini Augmentin 625 sau biyu a rana da Flagyl 400 sau uku a rana na kwana bakwai, sai diclofenac saboda zogi. Kumburin ya saɓe, yau kwana biyar ke nan da gama maganin.

Matsalar ita ce tun ina tsakiyar sha cikina ya rikice. Bayan gida mai laushi sau biyu, wani lokaci uku a rana, ciki ya yi ta ƙugi yana cika da iska, abinci ba ya mini daɗi, bakina ɗanɗanon ƙarfe, harshena ya yi fari, ga kasala. Babu zazzaɓi, babu jini. Haƙorin ban koma an cire ba tunda ya daina ciwo. Shekaruna 34, ba ni da juna biyu, ba ni da ciwon suga.

A gida kowa da tasa shawarar. Wannan ta ce in yi wankin ciki in fitar da dattin magani, wancan ya ce in ƙara Flagyl tunda maganin gudawa ne, wata ta ce in sayi furobayotik, wato maganin da ke ɗauke da bakteriya masu amfani. Wanne ne daidai? Me zan riƙa ci, kuma zuwa yaushe zan sa ran komawa yadda nake?

Ɗan Famasi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Abin da kika lissafa ba baƙo ba ne ga wanda ya haɗa waɗannan magunguna biyu har mako guda.

Babban hanji cike yake da bakteriya masu amfani. Su ke sarrafa ragowar abincin da ƙaramin hanji bai narkar ba, su fitar da wasu sinadarai, babba a cikinsu butirat, wanda fatar cikin hanjin ke rayuwa da shi kuma yake taimaka mata ta tsotse ruwa. Da magani ya rage su, sai ragowar abincin ta zauna ba a sarrafa ta ba, ta riƙe ruwa, bayan gida ya yi laushi, iska ta taru. Augmentin ya fi amoxicillin zalla jawo haka saboda clavulanic acid da aka haɗa masa. Shi kuma Flagyl an ba ki ne don ya kashe bakteriyar da ba sa son iska, waɗanda ke cikin mugunyar haƙori, to irinsu ne suka fi yawa a babban hanji. Ɗanɗanon ƙarfen ma nasa ne, zai gushe da kansa. Idan akwai zafi a saman ciki wajen ƙahon zuciya, wannan diclofenac za a fi zarga, ki ajiye shi ki koma paracetamol in da buƙata.

Bayan gida yakan daidaita cikin mako ɗaya zuwa biyu da gama magani. Su bakteriyar sun fi haka daɗewa. A wani bincike da aka yi a Denmak aka buga a 2018, an ba maza 12 masu lafiya antibayotik uku masu ƙarfi na kwana huɗu. Cikin wata ɗaya da rabi hanjinsu ya koma kusan yadda yake, amma bayan wata shida akwai nau'i tara da ba su dawo ba a jikin yawancinsu. Wani kuma na 2015 da aka yi a Ingila da Suwidin ya nuna bakteriyar baki suna saurin farfaɗowa, na hanji ne ke jan lokaci: wanda ya sha antibayotik ɗin clindamycin har wata huɗu ana ganin alama, mai ciprofloxacin har shekara, amoxicillin ne ya fi sauƙin ɓarna.

Daga nan za ki gane me ya sa shawarar ƙara Flagyl ita ce mafi muni cikin ukun. Maganin da ya kawo gudawar ba shi zai tsayar da ita ba. Haka kafson nan ja da yalo da ake haɗawa da shi a kemis. Ki kuma kiyaye da tarkon gwajin Widal: mutum ya je da ciwon ciki da kasala, a ɗebi jini sau ɗaya a ce taifot ne, a ɗora shi kan ciprofloxacin. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, balle ga wanda ko zazzaɓi ba ya yi.

Wankin ciki ma a bar shi. Babu wani dattin magani da ya maƙale a hanji. Ƙoda da hanta sun fitar da Augmentin da Flagyl cikin kwana biyu zuwa uku da shan ƙwayar ƙarshe. Filasko da sauran masu sa zawo za su ƙara kwashe ruwa da gishirin jiki ne kawai, su kuma wanke bakteriyar da ke ƙoƙarin sake kafuwa.

Abu ɗaya ne nake so ki sa wa ido sosai. Akwai wata ƙwaya, Clostridioides difficile, da ke samun fili idan an share sauran, ta fitar da dafi mai ƙona fatar hanji. Tana iya tasowa ana cikin shan magani, tana iya bari sai bayan makonni, har wata biyu zuwa uku. An fi ganin ta bayan clindamycin, da ga tsofaffi, da masu shan maganin olsa na omeprazole kullum, da wanda ya kwanta asibiti kwanan nan, amma Augmentin ma yana kawo ta. Idan bayan gidan ya koma ruwa tsululu sau uku ko fiye a rana ya wuce kwana biyu, ko ga zazzaɓi, ko murɗawar ciki mai tsanani, ko jini ko majina, ko jiri da ƙarancin fitsari, to asibiti za a je, a gaya wa likita sunan magungunan da aka sha da ranar da aka gama. A irin wannan hali kada a sha Imodium, maganin tsayar da gudawa, domin yana tsayar da hanji ne dafin ya zauna a ciki. Kuma man goge hannu mai barasa ba ya kashe wannan ƙwayar, sai sabulu da ruwa.

Duk ranar da bayan gidan ya yi ruwa, ki jiƙa ORS, fakiti ɗaya a lita ɗaya, wato fiya wata biyu na 50cl. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita ɗaya. Kofi ɗaya bayan kowace fita, wanda ya kwana a zubar.

Mai Duba Haƙori ta rubuta:

Sannu 'yar'uwa. Bayanin Malam ya wadatar a kan ciki. Ni inda idona ya tsaya shi ne inda kika ce ba ki koma ba tunda ya daina ciwo. Nan ne babbar maganar.

Idan kogo ya ci ya kai ga jijiyar haƙori, jijiyar mutuwa take yi, jini ya daina shiga cikin haƙorin. Antibayotik kuwa jini ne ke kai shi inda zai yi aiki. Saboda haka ya kashe waɗanda suka fito suka bazu a dasashi da ƙashi, amma na cikin ramin jijiyar suna nan ko gezau. Daina ciwon ma sau da yawa alamar jijiyar ta gama mutuwa ce, ba alamar warkewa ba. Bayan makonni ko watanni kumburin zai dawo, a sake zuwa kemis, a sake sayo wani zagayen, hanjin da bai gama farfaɗowa ba a sake share shi. Masu fama da ciki na dogon lokaci bayan ciwon haƙori galibi ba zagaye ɗaya suka sha ba.

Hanya biyu ce. Ko a cire haƙorin, ko a buɗe shi a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke ramin, a cike shi, daga baya a sa masa hula saboda matauni da aka yi wa wannan aikin yana saurin tsagewa. Hoton haƙori ne zai nuna wanne ya dace. Ki je cikin makon nan, yanzu da kumburin ya kwanta allurar kashe zafi ta fi kamawa. Kuma ki gaya wa likitan yadda maganin ya yi miki. Cire haƙori ga mai lafiya, in babu kumburi mai bazuwa ko zazzaɓi, yawanci ba ya buƙatar a sake rubuta antibayotik, kina da damar tambaya in an rubuta.

In an cire, awa 24 na farko kada ki kuskure baki da ƙarfi, kada ki yi ta tofar da yawu, kada ki sha abu da tsinke, don gudan jinin da ya toshe ramin ya zauna. In ya fita, ƙashi ya bayyana, zogi mai tsanani ya taso a kwana na uku zuwa biyar. Wannan wankewa da sa magani a ramin ake yi, ba ƙwayoyi ba. Daga rana ta biyu sai ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin cokalin gishiri, sau uku ko huɗu a rana, a hankali.

Kafin ki je, kada ki danna aspirin a kan dasashi, ƙona shi take yi ya yi fari ya saɓule. Kanumfari yana kashe zogi na ɗan lokaci amma ba ya taɓa ciwon. Idan kuwa kumburi ya dawo ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko murya ta canza, ko kumburin ya hau wajen ido, ko da tsakar dare ne a tafi sashen gaggawa. Mataunin ƙasa ne ya fi yin wannan, kuma yana iya toshe hanyar numfashi.

Uwar Madafa ta rubuta:

Hajiya barka da ƙoƙari. Bari in ɗauki ɓangaren abinci, don a nan ne aikin yake, kuma kusan duk abin da ake buƙata yana kasuwar unguwa.

Kwana uku zuwa huɗu na farko, muddin bayan gida na da laushi, a lallaɓa cikin. Koko ko kunun tsamiya mara yaji sosai, shinkafa mai laushi, dafaffen dankali, ayaba, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba mai da yawa, farfesun kaza ko kifi. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi a cika ciki sau biyu. A ɗan jingine soye-soye, yaji mai yawa, lemon kwalba da zoɓo mai suga, domin suga mai yawa ruwa yake janyowa cikin hanji. Madarar shayi ma tana iya dame ki na ɗan lokaci ko da a da ba ta yi, saboda gudawa tana rage sinadarin da ke narkar da sugan madara. Zai dawo.

Da bayan gida ya fara kama jikinsa sai a shiga ciyar da bakteriyar da suka rage, kuma abincinsu faiba ne, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake da cikinmu ba ya narkarwa. Babba yana buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen giram 11, kofin farar shinkafa ko giram ɗaya bai cika ba. Kuskuren da ake yi shi ne a ji wake na da amfani a zauna a cinye kwano guda ranar farko, ciki ya ɗaure kamar ganga, a ce ai wake bai karɓe ni ba. Fara da babban cokali biyu zuwa uku a cikin shinkafa ko fate, bayan kwana uku ki ƙara. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa ya yi lugub. Alala tana da sauƙi ga ciki amma an cire ƙowar, faibanta bai kai na wake da ɓawonsa ba.

Gero da dawa kada a surfe su har su yi fari tas, dusar nan da ake ba dabbobi a cikinta abin yake. A riƙa sauya ganye: zogale yau, rama gobe, alayyafo, yakuwa, kabewa, karas. Albasa da tafarnuwa suna da irin faiban da bakteriya masu amfani suka fi so, amma su ma suna sa iska, a fara da dafaffu. Gwanda, goba, aya, gyaɗa. Yawan kala ya fi yawan adadi, domin kowane nau'in bakteriya da abin da yake ci. Ɗumame ma yana da nasa amfanin: tuwo ko shinkafa ko dankali da ya huce, wani ɓangare na sitacinsa yana sauyawa ya wuce ƙaramin hanji bai narke ba ya isa ga bakteriyar. Sharaɗin shi ne a ajiye shi wuri mai sanyi a kuma ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Shinkafar da ta kwana a waje lokacin zafi ita kanta tana sa amai da gudawa.

Sai kindirmo, kofi ɗaya a rana, ba suga ko ɗan kaɗan. Ya fi madara sauƙi saboda an riga an cinye wani kaso na sugan madarar wajen tsamin. Mafi aminci ki haɗa naki. Lita ɗaya na madara, ki ɗora har ta fara tasowa, ki sauke ta huce zuwa inda za ki iya barin tsabtataccen yatsa a ciki ba ƙuna, wajen digiri 43. Ki zuba babban cokali biyu na kindirmo mai kyau ko yogot mara suga, ki juya, ki rufe, ki naɗe da tawul a wuri mai ɗumi awa shida zuwa takwas, kada a motsa shi. In kin zuba kindirmon alhali madarar na da zafi sosai, kin kashe bakteriyarsa, ba zai kama ba. In ya daɗe fiye da kima zai yi tsami ya tsinke ruwa. Koko da daddawa su ma da tsami aka yi su, amma tafasasshen ruwa da tukunyar miya sun kashe yawancin masu ran, don haka a ci su don daɗinsu da amfaninsu, kada a lissafa su a madadin kindirmo.

Ɗan Famasi ya sake rubutawa:

Ƙari kan maganar Uwar Madafa. Nonon da ake tallansa a ƙwarya ba kowanne aka tafasa madararsa ba, wani kuma an sirka shi da ruwan da ba a san asalinsa ba. Ɗanyar madara tana ɗauke da cutar burusela da tarin fuka na shanu, ga kuma masu sa gudawa. Mai hanjin da aka riga aka raunana ya haƙura da fura da nonon hanya na makonnin nan. Yogot na shago kuma a duba kwalin, wanda ke zaune a kanta ba firji wata da watanni an dafa shi bayan ya yi tsami, babu mai rai a ciki.

Na ga ban amsa tambayar furobayotik ba. Inda aka fi samun shaidar amfaninsa shi ne in an fara shi tare da antibayotik, cikin kwana biyun farko, don rage gudawa. Biyu ne aka fi gwadawa, Saccharomyces boulardii, wanda yis ne don haka antibayotik ba ya kashe shi, ana shan 250 zuwa 500mg sau biyu a rana, da Lactobacillus rhamnosus GG, wanda ake ba shi tazarar awa biyu da maganin. Bayan an gama magani kuwa hujjar ba ta da ƙarfi. Masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun buga a 2018 cewa waɗanda aka ba haɗin furobayotik mai nau'i 11 bayan antibayotik, bakteriyarsu na asali sun fi jinkirin dawowa, har watanni, fiye da waɗanda aka ƙyale. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, amma ya isa ya sa a daina ɗaukarsa dole. Ni a ganina kuɗin ya fi amfani a wajen likitan haƙori. Mai raunin garkuwar jiki ko mai shan maganin ciwon daji kada ya sha sai da izinin likita.

Maman Yara Uku ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan koma asibitin haƙori in sha Allah. Saura maganar farin harshen, da kasalar. Kuma da ɗan nauyi amma gara in tambaya, akwai ƙaiƙayi da farin abu mai kauri ta gaba, shi ma bayan maganin ya fara. Duk abu ɗaya ne?

Mai Duba Haƙori ta sake rubutawa:

Babu nauyi a tambayar lafiya, 'yar'uwa. Farin harshen da na gaban tushensu na iya zama ɗaya. Akwai wani fangas, Candida, da ke zaune a baki da gaban mace ba ya cutarwa, bakteriya ne ke danne shi. Antibayotik ba ya taɓa shi, to da aka rage masu danne shi sai ya yaɗu.

Na cikin baki, ki gwada goge shi da tsabtataccen ƙyalle. In farin ya goge ya bar wurin ja yana zafi, kuma akwai shi a cikin kumatu ko ganɗa, shi ne. Ana ba da ruwan nystatin, mililita ɗaya sau huɗu a rana bayan cin abinci, a riƙe a baki a zagaya da shi kafin a haɗiye, kwana bakwai, a ƙara kwana biyu bayan ya ɓace. In kuwa saman harshe ne kawai ba zafi, datti ne na rashin ci da bushewar baki, goge harshe da shan ruwa sun isa. Idan an ba ki ruwan kuskure baki na chlorhexidine kada ya wuce mako biyu, yana rina haƙora da harshe. Ki canza buroshi, ki goge sau biyu a rana da man da ke da fuloraid 1350 zuwa 1500 ppm (ana rubuta adadin a jikin kwalin), ki tofar kada ki kuskure bayansa.

Na gaba kuma clotrimazole na sakawa 500mg sau ɗaya da dare, ko fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya, amma shi fluconazole sai an tabbatar babu ciki. Kada a wanke can ciki da sabulu, Dettol ko haɗe-haɗen matsi, ƙara dagula wurin suke yi. In ruwan yana wari, ko ya yi kore ko rawaya, ko akwai ciwon mara, to ba wannan ba ne, a je a duba. In ya warke ya yi ta dawowa, a gwada sugan jini.

Kasalar ciwon ne da rashin ci da rashin barci, takan tafi cikin mako biyu zuwa uku in abinci ya dawo. Kada ki sayi maganin ƙarin jini da ka, mai sinadarin ƙarfe yana tayar da ciki ya kuma baƙanta bayan gida, sai a kasa bambance shi da zubar jinin da diclofenac ke iya jawowa. In ta wuce wata guda, a duba yawan jini da suga kafin a sha komai.